Subul da Baka

Ɗakin aikina a bayan tasha yake, a Ƙauran Namoda,
inda layin dogo ya zo ya tsaya cak
kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi.
Na liƙa kwalayen ƙwai a bango su shanye ƙara.
A nan nake ara wa baƙi harshe:
'yan sama-jannati, ɓarayin banki, dodannin wata duniya,
kowa Hausar Kano nake ba shi,
don ita ke sayuwa.

Na wannan mako mutum-mutumi ne.
Wani injiniya ya ƙera shi a ɗakin ƙasa,
ya ba shi ido, ya ba shi lissafi,
ya hana shi yunwa.
Minti arba'in yana zuba shayi, yana goge tebur,
sai ya ci karo da madubi.
Ya ɗaga hannu, na ciki ya ɗaga.
Bai yarda shi ne ba
sai da ya waiga ya ga maigidan ya gyaɗa kai.

Nan na cije.
Kalma ɗaya ya furta da Turanci,
ni kuwa ina da cikin kwando:
so, buƙata, sha'awa, marmari, kwaɗayi, bege.
Buƙata ta janareta ce, a ba shi mai ya yi aiki.
Kwaɗayi sai mai miyau.
Bege na wanda ya taɓa rasa wani abu ne,
to me ƙarfe ya rasa?

Nomau mai haɗa sauti ya ce,
"Sa ko wacce, maigida, mutane faɗan ƙarshe suke jira."
Ya danna, jar fitila ta kama.
Bakin ƙarfe ya buɗe a allo.
A takardata na rubuta: Ranka ya daɗe, me zan yi maka?
Abin da ya fito shi ne,
"Baba, mi kaka so in zama?"

Hausar gidanmu.
Muryar ɗan shekara tara
riƙe da sakamako, na biyu a aji,
gaban wani mutum mai hular reluwe
da ke goge fitilar hannu da tsumma
saboda jirgin da ya rage zuwa.
Bai ɗago ba.
Ya ce, "Wa yaz zo na ɗaya?"

"Subul da baka ne," in ji Nomau, "mu sake."
Na yi shiru.
Tulu dai ba ya tsiyayar da abin da ba a zuba masa ba.

Na mayar da fim ɗin baya.
Sai yanzu na lura da hoton da ke teburin injiniya,
an kife shi rabi:
yaro mai wushirya,
irin wadda aka bar wa ƙarfen tsakanin haƙora.
Ashe rami ya tarar a ƙirjinsa
ya auna faɗinsa, ya kai wa maƙera.
Shi kuma abin da aka ƙera
ba wuta yake nema ba, ba 'yanci ba,
so yake ya san abin da ake so a wurinsa.
Mai ƙishi ya ƙera mai ƙishi,
kowa na leƙen rijiyar ɗan'uwansa.

Na ce a bar shi haka.

Daren Juma'a a gidan kallon Tunau
benci ya cika, har da na tsaye.
Da ƙarfe ya yi Zamfarci aka kwashe da dariya,
wani har da dukan cinya.
Sai dariyar ta yi ta raguwa
kamar fanka bayan an ɗauke wuta.
Wani dattijo mai rake ya ce zai kewaya.
Bai dawo ba, ya bar wuƙarsa a kan benci.

Yanzu maganar ta bi gari.
'Yan kabu-kabu sun rubuta ta a bayan babur.
In na bi gefen dogo da yamma
yara na tafiya a kaina da sandararrun ƙafafu,
suna maƙe murya:
"Baba, mi kaka so in zama?"
Nakan yi musu dariya.
Nakan kuma rage sauri kaɗan
daidai tsohon ofishin tasha,
inda tagar ta ɓalle,
ko za a ɗago.